Gobarar Kambaza

Ni direba ne, amma shekara uku ke nan ban riƙe sitiyari ba, sai biro.

Motar kashe gobarar da aka damƙa mini tana nan a Tashar Gawo, wata 'yar tashar 'yan kwana-kwana a bayan garin Gwandu, zaune daram a kan bulo huɗu. An cire tayoyinta an kai gyara, har yau ba su dawo ba. Kaji na yin ƙwai a ƙarƙashin kujerata, mai gadi kuma a cikin tankin ruwan yake ɓoye dawarsa saboda ɓera. Amma in ka buɗe littafin fitar mota, sai ka rantse babu motar da ta kai ta shan wahala a duk jihar Kebbi. Sau biyu take fita kowane mako, kuma ni, Umaru, ni ne nake fitar da ita a takarda.

Shugaban tasharmu shi ne Oga Ɗahiru, mutum mai tumbi da ƙamshin turare, wanda bai taɓa kusantar wutar da ta wuce ta mai tsire ba. Duk ranar Alhamis sai ya buɗe durowarsa ya turo mini littafin, ya ce, "Umaru, ina motarmu tat tahi wanga sati?" Ni kuma in zauna in ƙona gidajen bayin Allah da tawada. Kowace fita tana jawo kuɗin mai daga sama, man da motar ba ta taɓa shaƙar warinsa ba. Har na ƙware. Ina rubuta ta inda iska ta kaɗa, da wanda ya riƙe tiyo, da ƙarfe nawa muka dawo. Oga ya kan ba ni na goro, ni kuma in karɓa da hannu biyu har da godiya. Ba na faɗar wannan don a yafe mini. Ina faɗa ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Gobara ta gaskiya kuwa, in ta tashi, mutanen gari sun san abin yi. Ba sa ɓata lokacinsu wajen kiran mota. Sai su zo su ɗauki Baba Yusufa.

Yusufa mutumin Zuru ne, shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, kuma dattijo ne a cocinsu. Kayan aikinsa gatari ne da shebur da bokiti da wani tsohon bargo da yake jiƙawa. Ba mai yawan magana ba ne. Ya san wuta yadda manomi ya san gonarsa, daga launin hayaƙi sai ya gaya maka abin da ke ci. Cikin duk waɗannan shekaru babu tabon ƙuna ko ɗaya a jikinsa, kuma abin da kawai na taɓa jin yana alfahari da shi ke nan.

Ranar sha huɗu ga watan Afrilu, da rana tsaka, shagon maganin feshi da takin zamani ya kama wuta a garin Masama. Aka zo da a-kori-kura aka kwashe mu, ni da shi. Mun tarar mai shagon ya faɗa ciki wai zai ceto kayansa, hayaƙi ya kwantar da shi. Hayaƙin nan ruwan ɗorawa ne, mai ɗaci, daga nesa ma yana yankan maƙogwaro. Yusufa ya dube shi ya ce mini wannan guba ce, kada in matso. Takunkumin numfashi guda shida da aka rubuta an saya mana, babu wanda ya taɓa ganin ko igiyarsu. Sai ya jiƙa rigarsa ya ɗaure hanci ya shiga. Sau uku yana shiga, a na ukun ya fito da mutumin a kafaɗa. Ni ina bakin hanya ina miƙa bokiti, ina ba da umarni kamar wani abin kirki.

Mai shagon ya warke cikin sati biyu. Yusufa kuwa tun daga ranar ƙirjinsa ke kuka. Bai iya gama jimla sai ya tsaya ya nemi iska. Aka ba shi hutun jinya ya koma Kalgo, inda matarsa Lidiya ke koyarwa a makarantar firamare. Likita ya ce huhun ya tabu ƙwarai, sai an kai shi babban asibiti a Sakkwato an ɗora shi a kan magani na wata da watanni, in ba haka ba abin ci gaba zai yi har ya gama da shi. Lidiya ta sayar da keken ɗinkinta da awakinta biyu, abin bai kai ko'ina ba.

Ana cikin haka sai ga sanarwa a rediyo. Gwamnati ta ware kuɗi domin lafiyar 'yan kwana-kwana da 'yan sandan da ke aiki a jiha, an sa wa shirin suna Garkuwar Jami'i. An yi biki, an yanka kintinkiri, an raba huluna masu tambari. Wani mai babbar riga ya tsaya gaban lasifika yana kiranmu jaruman al'umma har muryarsa na rawa, mutumin da in ya gan mu a titi ba zai sauke gilashin motarsa ba. Kati iri biyu aka fitar. Koren kati na kowa da kowa ne, yana ba ka maganin zazzaɓi da na ciwon kai. Jan kati kuwa na wanda ya ji rauni a bakin aiki ne, kuma mai shi komai ya same shi za a yi masa magani kyauta, har a Sakkwato. Jan katin nan shi ne numfashin Yusufa, babu wata hanya.

Sharaɗin samunsa ɗaya ne. Sai littafin aiki ya nuna kana wurin da ka ce ka ji rauni. Littafin aikin ɗan kwana-kwana kuwa shi ne littafin fitar mota.

Na shiga ofishin Oga Ɗahiru na same shi yana cin gyaɗa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, zancen Baba Yusufa ne. A ba ni littahi in rubuta gobarar Masama."

Ya ce, "Wane Masama? Mota ba ta tahi Masama ba."

"Ai mota ba ta tahi ko'ina ba, ranka shi daɗe."

Ya daina tauna ya dube ni. Ya buɗe durowa ya leƙa littafin ba tare da ya fito da shi ba. Ya ce, "Sha huɗu ga Afrilu muna Kambaza. Kai da hannunka ka rubuta. Da kai, da Yusufa, da mota, tun sha biyu har la'asar. An riga an aika kwafi sama, an biya. Kana so in ce ƙarya munka yi?"

Gaskiyarsa ne, ni na rubuta. Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan gobarar, Yusufa na kwance yana aman jini, ni kuma na zauna na cike shafin makon. Ban rubuta Masama ba domin Masama akwai shaidu, ɗaruruwan mutane sun ga cewa a a-kori-kura muka je. Ƙarya ta fi zama lafiya inda babu wanda ya gani, shi ya sa na zaɓi Kambaza. Ban ma lura da cewa ranar ɗaya ce ba.

Oga ya rufe durowarsa ya ce, "Abin mai sauƙi na. Shi ce Kambaza hayaƙi yak kama shi. Hayaƙi dai hayaƙi na, mi ar ruwan huhu da sunan gari?" Ya ƙara da cewa shi zai aika littafin wurin kwamitin tantance masu neman kati da kansa. Ya miƙo mini gyaɗa, na karɓa.

A Kalgo kwamitin tantancewa na shiyyarmu ya zauna. Na yi sammako na hau babur ɗina daga Gwandu, na ratsa Birnin Kebbi, na isa gidan Yusufa da hantsi. Na same shi zaune a kan benci, ya jingina da bango, ya sa kakinsa da aka goge tas. Kakin ya yi masa yawa. Na gaishe shi, na gaishe da Lidiya, sannan na sunkuyar da kai na gaya musu yadda aka yi.

Lidiya ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce, "Malam Umaru, kana nufin wutar da ta ci ƙirjin mijina ba ta cikin littafi, amma wutar da ka ƙirƙira tana ciki?"

Na ce, "Haka ne, Malama."

Ta daɗe tana kallona. Da ta zage ni da na ji sanyi. Sai ta juya wurin mijinta ta ce, "Baban Rejoice, ka ce Kambaza. Allah ya san inda ka shiga."

Yusufa ya girgiza kai. Ya ce, "Ban taɓa..." ya ja iska, "kashe wuta... a Kambaza ba. Masama zan ce."

Na ɗauke shi a babur muka tafi. Wani ɗakin taro aka kama haya, irin wanda ake bikin aure a ciki, har da ragowar balan-balan a jikin silin. Jaruman al'umma suna layi a waje cikin rana. Akwai ɗan sandan da harsashi ya fasa wa gwiwa yana tsaye da sanda, akwai wata kofur da babbar mota ta taka wa ƙafa a shingen bincike. Babu kujera ko ɗaya a waje. A ciki kuwa kujeru sun fi ɗari, an jera su a kan juna an ɗaure da igiya, domin ba a biya kuɗin hayarsu ba.

A cikin layin muka haɗu da Sajan Bashir, ɗan sandan da ya kori jama'a daga bakin shagon a ranar Masama. Da ya ga Yusufa sai ya cire hularsa. Ya ce shi ya rubuta gobarar a littafinsu na ofis, da sunan Yusufa a ciki, kuma a shirye yake ya shiga ya ba da shaida. Na ji wani abu ya sauka daga kaina. Har na fara tunanin ƙila in fita daga wannan abu ba tare da na zubar da komai ba.

Sai bayan azahar aka kira mu. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, kowa da robar ruwan sanyi da faranti. Shugabansu wani Alhaji Muzzammil ne, yana fama da cinyar kaza, bai ɗago ba. Ba a ce Yusufa ya zauna ba.

Alhaji ya ce, "Suna?"

"Yusufa Daniel."

"Ina abin yaf faru?"

"Masama... ranka ya daɗe."

Magatakardan kwamitin, wani siririn mutum mai tabarau, ya buɗe littafinmu ya bi da yatsa. Ya ce babu Masama a ciki. Sajan Bashir ya ƙame ya sara, ya ce yana wurin, ya gani da idonsa, kuma yana da kwafin littafinsu a aljihu.

Alhaji ya tsotsi yatsansa ya ce, "Sajan, littahin 'yan sanda na 'yan sanda na. In kai ka ƙone, kawo shi mu gani. Wanga ɗan kwana-kwana na, littahin mota muka bi. Haka takarda tac ce."

"Amma ranka shi daɗe, mutum ya shiga wuta sau uku..."

"Wa ya aike shi? In babu mota, babu aiki. Ƙila taimako yat tahi yi don Allah, to Allah shi biya shi. Fita, kana tare muna iska."

Bashir ya sake sarawa ya fita. Ban ga laifinsa ba, shi ma koren katinsa na hannunsu.

Magatakarda ya ce, "Amma akwai sunanshi a wannan rana, yallaɓai. Gobarar Kambaza."

Nan ne Alhaji ya ɗago kai a karo na farko. Ya ce, "Kambaza? Garin surukaina na, duk sati ina can. Yaushe anka yi gobara ban ji ba?"

A raina na ce yau kam asiri ya tonu, kuma wallahi wani ɓangare na zuciyata ya yi murna. Alhaji ya jawo littafin ya karanta: gidaje uku, rumbu bakwai, shanu biyu. Na ga idonsa yana lissafi. Ya tambayi na kusa da shi a hankali ko har yanzu ana karɓar sunayen waɗanda gobara ta shafa domin tallafi. Aka ce ana karɓa. Sai ya buga tebur ya ce, "Af! Na tuna. Gobarar nan ta bayan kasuwa. Ai gidan ƙanen matata na ciki. Magatakarda, a yi min kwafin wanga shafi."

Haka gobarata ta samu shaida. Ni da na haife ta da biro ban san tana da dangi ba.

Alhaji ya juyo wurin Yusufa, yanzu da fara'a. Ya ce, "To, Baba, ruɗewa ka yi, ciwo na sa haka. Kambaza ko? Ce Kambaza mu sa hannu, layi na da tsawo."

Ana jin ƙirjin Yusufa har ƙarshen tebur. Ya dubi littafin, ya dube ni. Na kawar da kai na kalli balan-balan. Tari ya sarƙe shi har ya dafa gwiwa, babu wanda ya miƙa masa ruwa cikin robobi biyar ɗin nan. Da ya lafa, ya miƙe ya gyara kakinsa.

Ya ce, "Kambaza."

Murya ƙasa-ƙasa ya faɗe ta, amma ni ta fi mini ƙarar mari.

Magatakarda ya jawo fom ya fara cikewa, yana karantawa daga littafin da ƙarfi. "Rana, sha huɗu ga Afrilu. Wuri, Kambaza. Rauni..." Ya matsar da tabarau ya leƙa ƙasan shafin. "Jami'i Yusufa Daniel ya samu mummunar ƙuna a hannun hagu."

Sai a lokacin na tuna. A makon nan Oga ya ce yana so a nemi kuɗin cike akwatin magani, a sa wani ya ji ciwo. Cikin ƙaryata sama da ɗari uku, wannan ta shige mini. Na zaɓi Yusufa ne domin sunansa ya fi saurin rubutu.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ƙirji ne. Hayaƙi ne ya..."

Alhaji ya ce, "Kai wa ne?"

"Direban mota."

"To rubutun wa ne wanga?"

Na ja da baya.

Ya ce, "Hannun hagu littahi yac ce, hannun hagu muka rubutawa. Kada ka damu, in jan kati ya hito, har ƙirjin za a duba mai. Abin da ya rage likitanmu shi ga tabon da idonai shi buga hatimi. Yana Abuja wajen taro, sai bayan sati shida. In akwai tabo, akwai kati. In babu, kun yi wa gwamnati ƙarya, kuma ga 'yan sanda nan cike da waje. Na gaba!"

Yusufa ya sa hannunsa na hagu cikin aljihu muka fito.

Na tayar da babur, ya hau baya. Maimakon in bi ta cikin gari sai ya taɓa kafaɗata ya nuna mini hanyar Diggi. Na ɗauka iska yake so ya sha kafin ya fuskanci Lidiya. Muka yi ta tafiya, gonakin gero na wucewa dama da hagu, har muka bar gidaje a baya sosai. Ina ta shirya maganar da zan yi. Zan ce zan koma in faɗi gaskiya, a kore ni, a ɗaure ni. Na shirya ta tsaf, da daɗin ji, kuma na san ba zan yi ba. Ko na yi ma, littafin ne zai mutu, katin ya bi shi.

Wajen wata tsamiya ya ce in tsaya. Ya sauka a hankali. Na kai hannu zan kashe inji, ya ce, "Bar shi."

Ya tsuguna a gefen babur ɗin yana kallon salansa, wato bututun hayaƙin. Ƙarfen ya yi zafi har iska na rawa a kansa. Ya kai tafin hannunsa kusa, bai taɓa ba, yana auna zafin yadda na sha ganin yana auna ƙofar ɗakin da ke ci da wuta. Sannan ya fara naɗe hannun rigarsa na hagu, ninki bayan ninki, don kada kakin ya ɓaci.

Na ce, "Baba, don girman Allah."

Ya ce, "Sati shida... ya isa ya zama tabo. In ya yi zurfi." Ya ja iska. "Kada ka gaya wa... Maman Rejoice. Ka ce faɗuwa muka yi."

"Baba, bari in koma wurin Oga, in roƙe shi..."

Ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a idonsa, kuma abin da ya fi ƙona ni ke nan. Kallon da ake yi wa ma'aikacin da ake jira ya ba da bayani ne kawai.

Ya ce, "Umaru, kai ka rubuta. Bayan hannu... ko tafi?"

Ban rubuta ko ɗaya ba. Hannun hagu kawai na ce. Amma na tuna da tafi ake riƙe gatari, da shi ake riƙe cokali.

Na ce, "Bayan hannu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ciro hankici ya cusa a baki ya cije. Ni kuma na juya fuskata wajen gonaki, na murɗa wa babur wuta har ƙarshe, don ƙarfen ya ƙara zafi, kuma don kada in ji.